Hotuna da Mutum-mutumi a Coci: Girmamawa ce ko Bautar Gumaka?

Idan kun taɓa shiga cocin Katolika, ko don ɗaurin aure ko don jana'iza, kun ga siffar Yesu a kan gicciye, ga mutum-mutumin Maryamu a gefe, wani sa'in da kyandir yana ci a gabansa. Ku leƙa cocin ECWA ko na Baftis kuma, sai ku tarar da bango fayau, in ban da gicciyen katako wanda babu kowa a kansa. Dukkansu Kirista ne. Bambancin nan da kuke gani ya samo asali ne daga gardamar da ta haura shekara 1,200 ana yi.

Me ake jayayya a kai?

Babu wata ɗariƙar Kirista da ta halatta bautar gunki, wato abin da aka sassaƙa ko aka ƙera sannan aka mai da shi abin bauta. A nan bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne: idan mutum ya durƙusa gaban hoton Yesu ko na wani daga cikin tsarkaka, ya sumbace shi, ya ƙona turare, girmamawa ya yi ko bauta? Katolika da 'yan Otodoks, irin na Girka da Rasha da Masar da Habasha, sun ce girmamawa ce. Yawancin Furotesta, wato ɗariƙun da suka ɓalle daga Katolika tun ƙarni na 16, suna ganin tsakanin biyun tazarar ba ta da yawa, ƙafa na iya zamewa.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce?

A Littafin Fitowa sura 20, cikin Dokoki Goma, an hana ƙera siffar wani abu na sama ko na ƙasa don a yi masa sujada. Wannan ce babbar hujjar masu ƙin hotuna. Masu yarda da su kuwa sai su ce a ci gaba da karatu zuwa sura 25, inda Allah ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato halittun sama masu fukafukai, a kan murfin akwatin alkawari. A fahimtarsu, sujadar aka hana, ba sassaƙar ba.

Akwai labarin da kowane ɓangare ke ja zuwa gefensa. A Littafin Ƙidaya sura 21, macizai sun addabi Isra'ilawa a jeji, Allah ya sa Musa ya ƙera macijin tagulla ya ɗora a kan sanda, duk wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, kamar yadda 2 Sarakuna sura 18 ta nuna, Sarki Hezekiya ya farfasa macijin nan, domin jama'a sun koma ƙona masa turare. Abin da aka yi da umarnin Allah ne, amma ya zama tarko. Mai goyon bayan hoto zai tsaya a farkon labarin, mai adawa zai kai ku ƙarshensa.

Wataƙila kun ji ana cewa Katolika sun cire dokar gumaka daga Littafinsu. Ba haka ba ne. Ayoyin suna nan. Wajen ƙidayar dokokin ne su da 'yan Lutheran suke haɗa ta da doka ta farko, sauran Furotesta kuma su ƙidaya ta daban a matsayin ta biyu.

Yaushe rikicin ya ɓarke?

A daular Rumawa ta gabas, mai hedkwata a Kustantiniya, wato Istanbul ta Turkiyya a yau. Wajen shekara ta 730 Sarki Leo na Uku ya juya wa hotunan coci baya, a 754 kuma ɗansa Kostantin na Biyar ya tara bishop-bishop suka haramta su. Aka kankare zane daga bango, aka tsananta wa sufaye masu kare hotunan.

Wanda ya fi kowa kare hotuna a rubuce shi ne Yohanna na Dimashƙu. Abin lura, a ƙarƙashin mulkin Musulmi na Banu Umayya yake zaune, don haka hannun sarkin Rum bai kai gare shi ba. Hujjarsa ita ce, a da ba a iya zana Allah domin ba a ganinsa, amma tunda a bangaskiyar Kirista Yesu ya zo da jiki, an gan shi, an taɓa shi, to ana iya zana shi.

A 787 babban taron Nikiya na biyu ya yanke hukunci: sujada ta Allah ce shi kaɗai, hoto kuwa girmamawa ake yi masa, kuma girman yana wucewa ne ga wanda aka zana. Kamar mai sumbatar hoton mahaifiyarsa da ta rasu ne, kowa ya san ba takardar yake ƙauna ba. Duk da haka aka sake haramtawa a 815, sai a 843 Sarauniya Tiyodora ta mai da hotunan. Har yau 'yan Otodoks na Girka da Rasha suna bikin tunawa da wannan a Lahadin farko na babban azuminsu.

Furotesta fa, daga ina suka ɗauko nasu?

A 1522 wasu suka fara fasa siffofi a garin Wittenberg na Jamus. Martin Luther, jagoran Furotesta, ya tsawata musu, domin shi bai ɗauki hoto haram ba muddin ba a dogara gare shi. Zwingli, wani jagoran Furotesta a birnin Zurich, ya fi zafi: a 1524 aka kwashe hotunan cocin birnin aka shafe bango da farar ƙasa. John Calvin a Janeba shi ma ya ƙi su, yana ganin zuciyar ɗan Adam ba ta gajiya da ƙirƙiro wa kanta gumaka. A 1566 taron jama'a suka bi coci-coci a yankin Holan da Beljiyam na yau suna farfasa siffofi, aka yi asarar ayyukan fasaha da ba su maimaituwa.

Katolika sun ba da amsarsu a taron Trent a 1563. Suka ce a bar hotuna, amma kada kowa ya zaci akwai wani iko a cikinsu, kada a roƙe su, kada a mai da su hanyar camfi ko ta neman kuɗi. Wannan gargaɗin kansa ya nuna sun san haɗarin gaskiya ne.

Mishan da suka kafa ECWA da COCIN, wato SIM da SUM, daga gidan Furotesta masu sauƙaƙa ado suka fito. Bangon nan fayau da kuke gani a Jos ko Kagoro gadonsu ne.

Ina haɗarin yake a yau?

A ganina koyarwar da ke rubuce ba ta da duhu, aikin yau da kullum ne abin dubawa. Wanda ya gaskata cewa wannan mutum-mutumin ya fi wancan jin addu'a, ko ya rataya sarƙar gicciye a matsayin laya, ya saɓa wa koyarwar cocinsa ma. Kuma kada a ɗora wa Katolika kaɗai. Mai manna hoton fasto a gilashin mota don tsari daga haɗari, ko mai ɓoye kwalbar mai da hankicin da aka yi wa addu'a yana ganin ikon a cikinsu yake, tambayar nan ce dai ke gabansa, girmamawa ce ko bauta, ko da cocinsu babu hoto ko ɗaya.

Ya zan yi idan na je baƙunci?

Babu wanda zai tilasta muku durƙusawa ko sumbatar wani abu. Ku zauna cikin natsuwa kamar kowane baƙo. Idan wani abu ya ɗaure muku kai, ku jira a tashi, ku tambayi fada ko katikis, wato malamin da ke koyar da addini a cocin, me suke nufi da shi kafin ku kira maƙwabcinku mai bautar gumaka.