Rumbun na'ura mai ƙwaƙwalwa: aikin da hannu ke iya yi

Kowane manomi na ƙasar Dakoro ya san cewa in damana ta yi albarka, hatsi ya fi ƙarfin rumbu, ba a zubar da shi. Sai a kwaɓa laka a gina wani rumbun kusa da na farko. To, ƴan'uwa masu karatu, ita ma na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tana da rumbunta, kuma akwai mutanen da suka ƙara mata wani da hannunsu.

A shekarar 1981 kamfanin Commodore na Amurka ya baza wata ƙaramar na'ura a kasuwa mai suna VIC-20. Gurbin da ta bar wa mai ita 3583 ne kacal, kowane gurbi yana ɗaukar harafi ɗaya. Wannan labari da kuke karantawa, in aka rubuta shi sau biyu, ya cika ta har ya zuba. Amma a bayanta akwai wata kafa mai haƙora 44 inda ake cusa kaset na ƙarin ajiya. Kamfanin yana sayar da nasa, sai dai masu sha'awar aikin da yawa suka gwammace su haɗa da kansu, kuma har yanzu ana yi.

Ga yadda aikin yake. Ana samun wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu 28, lambarsa 6264, wanda ke da gurbi 8192. Ƙafafu 13 su ne ke nuna gurbin da ake nufi, kamar yadda lambar gida ke nuna gida. Ƙafafu 8 su ne hanyar da harafi ke shiga da fita. Biyu na wuta ne, volt 5. Wasu kuma suna faɗa masa lokacin karɓa da lokacin bayarwa. Mai aiki zai fara zana hanyoyin a takarda, sannan ya liƙa kowace ƙafa da dalma bisa allon lantarki, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Kuskure guda, kamar juya abin baya-gaba, yana iya ƙone shi. Kuma wannan rumbu yana da aibi: da an ɗauke wuta, duk abin da ke ciki ya ɓace. Maganinsa ƙaramin batir, wanda ke riƙe ajiyar bayan an kashe na'urar.

Mene ne ruwan Dakoro da wannan? Kayan aikin nan, dalma da ƙarfen liƙi da ma'aunin wuta, su ne a kan teburin masu gyaran rediyo da salula a kasuwanninmu. Hannu ya riga ya saba. Abin da ya rage shi ne karanta zane da lissafi. Nan ne yaƙi da jahilci ke da amfani, domin wanda ya iya karatu da ƙirga ya kama hanyar gane abin da yake liƙawa, maimakon ya canza shi a makance.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da cibiyoyin koyon sana'a na jihar Maraɗi da su haɗa matasa masu gyara da malaman lissafi. Ƙasar da ke sayen kome daga waje, har ilimin gyaransa, kullum hannunta yana ƙasa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.