Girman Kiristal da Fitar Haske: Bayani daga Tukunyar Mazarƙwaila

Gabatarwa

Ƙwan lantarkin nan mai murɗaɗɗen bututu, wanda ya haska shaguna da masallatai a Kudan kafin fitilun LED su yawaita, yana ɗauke da tururin zaiba a cikinsa. Idan wuta ta ratsa tururin sai ya fitar da haske ɓoyayye wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Farar hodar da aka shafe cikin bututun ita ke shanye wannan haske ta mayar da shi ja da kore da shuɗi, su haɗu su ba da fari. Koren yakan fito ne daga fosfet ɗin lantanam da aka barbaɗa wa siriyam da tabiyam, uku daga cikin ma'adinai 17 da ake kira ƙarafa masu wuyar samu. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙarfin hasken ya rataya ne a kan yadda ƙwayoyin hodar suka girma, ko da kayan haɗin iri ɗaya ne.

Ma'anar Kiristal

An zaɓi kalmar aro, kiristal, domin kalmomin da ke kusa suna iya ɓatar da mai karatu. Lu'ulu'u ya fi nuni ga daraja da ƙyalli. Ƙarau kuwa kishiyar abin da ake nufi ne, domin ƙwayoyin zarrarsa a hargitse suke. Kiristal shi ne daskararren abu wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu, jerin yana maimaita kansa. Gishiri da sukari duk kiristal ne.

Masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Kudan da Maƙarfi sun san wannan al'amari a aikace. Ruwan rake guda ne, amma yawan ruwan da aka ƙone, da juyawa, da yadda ya huce, su ke sa wata ta fito da tsaba mai gurzar harshe, wata kuma ta yi danƙo. Tsabar nan kiristal ce ta sukari.

Yadda Girma ke Shafar Haske

A cikin hodar, siriyam ke karɓar ɓoyayyen hasken, ya miƙa ƙarfinsa ga tabiyam, shi kuma ya saki kore mai zango kusan nanomita 545. Duk abin da ya tare wannan miƙo yakan mayar da ƙarfin ya zama zafi. Abubuwa huɗu ne suka fi yin haka.

Na farko shi ne ruwa. Fosfet ɗin da ya girma a cikin ruwa ba tare da zafi sosai ba yakan ɗauki sigar da ake kira rabdofen, mai riƙe ruwa a ramukan jerinta. Jijjigar ƙwayoyin ruwan tana zuƙe ƙarfin, hasken ya dushe. Sai an gasa ta ruwan ya fita, jerin ya koma sigar monazait, wadda ta fi haske. Shi ya sa masana'antu ke gasa hodar a zafin da ya haura digiri 1000.

Na biyu, giɓi a cikin jeri. Kiristal ɗin da ya girma da gaggawa yakan bar gurabe da karkatattun sahu, waɗanda ke zama tarkon ƙarfi. Haka nan idan aka gasa hodar a iskar da ke da oksijin, siriyam yakan sauya hali ya daina miƙo.

Na uku, ƙanƙantar ƙwaya. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon yawan ƙwayoyin zarrar da ke bayanta, inda jeri ya yanke. A 2003 Markus Haase da abokan bincikensa a Jamus sun lulluɓe ƙananan ƙwayoyin fosfet ɗin siriyam da tabiyam da ɓawon fosfet ɗin lantanam, sai ingancin fitar haskensu ya kai kashi 70 cikin 100.

Na huɗu, cunkoso. Idan tabiyam ya yi yawa, ko ya dunƙule wuri guda, ƙarfin yakan yi ta yawo tsakanin maƙwabta har ya faɗa tarko.

Kammalawa

Monazait ba baƙo ba ne a Nijeriya. Ana samun sa a cikin yashin da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos, kuma yana ɗauke da toriyam mai fitar da tiriri mai cutarwa, don haka tarinsa kusa da gidaje haɗari ne. Wannan yashi ba ya haska fitila sai an tace ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, an sake rainon kiristal ɗin cikin lura da zafi da lokaci. A nan darajar take, kamar yadda rake ke ƙara kuɗi idan ya bi ta hannun gwanin dahuwa. Ɗalibin da ya tashi yana kallon tukunyar mazarƙwaila ya riga ya riƙe bakin zaren wannan ilimi. Abin da ya rage a kan masana Hausa shi ne daidaita kalmomin da za a koyar da shi da su.