Latte Mai Zuma da Kirfa: Ƙaramar Na'ura Ɗaya Ta Ishe Ka

Ba sai ka sayi injin espresso mai tsada ba kafin ka sha latte a gida. A Italiyanci kalmar madara take nufi, kuma a madarar aikin yake.

Nemi 'yar na'urar kaɗa madara ta hannu. Akwai mai batir AA biyu, akwai wadda ake caji da USB kamar waya, ko an ɗauke wuta ba ruwanka.

Fara da gahawa mai ƙarfi, mililita 60. Tukunyar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, a kan gas ko risho take aiki. In babu, dama Nescafé ƙaramin cokali biyu da ruwan zafi kaɗan.

Kirfa ba ta narkewa, shi ya sa take yawo a saman ruwa. Kwaɓa rubu'in ƙaramin cokali da zuma babban cokali ɗaya a cikin kofi, sannan ka zuba gahawar.

Ɗumama madara mililita 180 zuwa digiri 60 ko 65. In ta tafasa, kumfar ba za ta tsaya ba, saboda haka da ka ga tururi ya fara tashi, sauke. Kaɗa na daƙiƙa 30, ka juye a hankali.