Madatsun Ruwan Koriya ta Arewa a Kasuwar Hayaƙi

Duk wanda ya saba jin labarin Koriya ta Arewa a rediyo, abin da ya fi sani game da ita shi ne makaman nukiliya, da takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ƙaƙaba mata a 2006, da tsananin kulle ƙofa, har ya kasance baƙo ba ya yawo a cikinta sai da ɗan rakiya. Amma a shekarar 2012 wannan ƙasa da ta ƙaurace wa jama'a ta sami rajistar tashoshin lantarki shida masu aiki da ƙarfin ruwa a wurin hukumar Majalisar da ke birnin Bon na Jamus, domin ta riƙa sayar da takardun shaidar rage hayaƙi a kasuwannin duniya.

Asalin al'amarin Yarjejeniyar Kiyoto ce ta 1997, wadda ta fara aiki a 2005, shekarar da ita ma Koriya ta Arewa ta shige ta. An gindaya wa ƙasashe masu masana'antu haddin hayaƙin da za su fitar, sa'an nan aka yi musu sassauci, cewa idan wani aiki a ƙasa mai tasowa ya hana tan ɗaya na hayaƙin kabon tashi sama, za a ba shi takardar shaida ɗaya, wadda kamfanin Turai zai iya saye ya cike gibinsa. Madatsar ruwa ta dace da wannan ƙa'ida, domin ruwa ne ke gangarowa ya juya inji, ba a ƙona kwal ko kaɗan.

Bukatar ƙasar kuwa a fili take. Ƙasa ce mai duwatsu da koguna, fiye da rabin wutarta daga ruwa yake fitowa, kuma babbar madatsarta ta Suphung a kan kogin Yalu tun zamanin mulkin mallakar Japan aka gina ta. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man fetur mai rahusa da kayan gyaran injuna suka yanke, ambaliyar 1995 ta biyo baya, yunwa ta hallaka talikai masu yawa. Har yau idan hunturu ya tsananta koguna suka daskare, wuta takan yi ƙaranci a gidaje da asibitoci. Uku daga tashoshin nan suna kan kogin Ryesong, sauran suna Hamhung da Kumya da yankin Dutsen Paektu, kuma wani kamfanin Jamhuriyar Cek mai suna Topic Energo ne abokin cinikin.

Abin da ya cancanci tsokaci, alal haƙiƙa, sharuɗɗan rajistar ne. A lokacin, wajibi ne mai nema ya kafa hujja cewa ba don kuɗin takardun ba aikin ba zai tsayu ba. Ya bayyana abin da ginin zai ci, da yawan hayaƙin da tashoshin ƙasarsa ke fitarwa. Ya nuna an tuntuɓi mazauna wurin. Sa'an nan ya yarda mai bincike mai zaman kansa ya zo ya tsaya a bakin madatsa, ya duba injuna da mita, ya gwada abin da ke rubuce da abin da idonsa ya gani. Bayan haka a baza takardun a intanet kowa ya karanta. Ga gwamnatin da ta ɗauki alƙaluman tattalin arzikinta a matsayin sirrin daula, miƙa wuya ga irin wannan hisabi babban lamari ne.

Sai dai ƙaddara ta riga fata. Tarayyar Turai ta hukunta cewa aikin da aka yi wa rajista bayan ƙarshen 2012 ba za ta karɓi takardunsa ba, sai in daga ƙasashe mafiya talauci ya fito, don haka masu nema suka yi ta rububi, takardu suka cika kasuwa a daidai lokacin da masana'antun Turai suka ja baya. Takardar da ta kai kusan Yuro 20 a 2008 ta faɗo ƙasa da Yuro ɗaya, Koriya ta Arewa ta zama kamar manomin da ya iso da hatsinsa bayan kasuwa ta watse.

Akwai masu cewa duk kuɗin da ya shiga can aljihun mahukunta zai faɗa, kuma maganarsu tana da nauyi, shi ya sa sa ido ya zama tilas. Amma hayaƙin kwal ba ya tsayawa a iyakar ƙasa, kuma jinjirin da aka haifa a asibiti mai duhu bai aikata laifin kowa ba. Ita ma Koriya ta Arewa ta amince da Yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi a 2016. Maslahar duniya ita ce a riƙe ƙofar cinikin takardun rage hayaƙi a buɗe, a tsananta bincike, kuma a biya farashi na adalci ga duk wanda ya cika sharaɗi.