Kwalliyar 'Yammata: Inda Gizo Ke Saƙar

Ranar kamun wata 'yar uwarmu a Kano, an ɗauko mai kwalliya ta tare a ɗakin ƙurya da akwatinta da fitilarta mai zobe. Bayan ƙawayen amarya, sai ƙannenta suka bi layi. Cikinsu har da wata mai shekara goma sha uku, da ta fito ta tsaya gaban mahaifiyarta, uwar ta gaishe ta kamar baƙuwa. "Umma, ni ce fa," in ji yarinyar. Gwaggon amarya ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, ai kin fi amaryar zama amarya." Nan musu ya ɓarke a tsakar gida kan shekarun fara kwalliya. Wata ta ce sha biyar ne daidai, wata ta ce sai an yi kandi, wata dattijuwa ta ce a zamaninsu jan baki sai a ɗakin miji. Duk wannan ana yin sa ne jaririya 'yar kwana arba'in tana kan cinyar kakarta, idonta raɗau da kwalli, an ja mata gira har kusa da kunne, babu wanda ya ce uffan.

Jaririyar nan ta isa shaida cewa Bahaushe bai taɓa auna kwalliya da shekaru ba. Da wuri da lokaci yake auna ta. Ƙaramar yarinya a da tana da 'yancin ado fiye da babbar mace: ranar Sallah a ɗiga mata katambiri a kumatu, a ƙunsa mata lalle, a zizara mata kwalli, ta fita yawo ana yi mata dariyar sha'awa. Budurwa tana da ranar kasuwa da dandali, ta ci fure haƙora su yi ja, ta shafa shuni a kitso. Amarya kuma tana da nata, wanda ba a yi wa kowa sai ita, dilka da halawa da turaren jiki da muka ara daga Barno da Sudan. Kowane mataki da kayansa, kuma duk unguwa ta san wanda ya tsallake layi. Tandun kwalli na uwa ne, madubi na uwa ne, saboda haka ba a bukatar doka.

Abin da ya fara warware wannan tsari boko ne, tun kafin waya ta zo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, an yi mata aure tana wajen shekara goma sha huɗu, kamar sauran sa'o'inta. A irin wannan rayuwa budurci gajeren zango ne, shekara ɗaya ko biyu tsakanin balaga da ɗakin miji, kuma adon da ake yi a cikinsa kowa ya san manufarsa. Yanzu a birane yarinya tana shekara shida a firamare, shida a sakandare, wataƙila ta wuce kwaleji ko jami'a. Budurci ya miƙe ya kai shekara takwas ko goma. Al'ada ba ta tanadi ƙa'idar ado ga wannan dogon zango ba, don ba ta san shi ba. Uwa tana riƙe da ma'aunin da ta gada, wanda ke cewa mai jan baki neman miji take yi. 'Yarta kuwa tana aji uku a ƙaramar sakandare, ba miji a ranta, ƙawayenta take kallo. Rabin rigimar da ake yi a gidaje daga nan ta samo asali, kowa da fassarar da yake yi wa abu ɗaya.

Fim ya ba da tasa gudummawar. Finafinan Indiya sun daɗe suna koya wa matanmu yadda ake jan ido, sannan daga 1990 da aka yi Turmin Danya masana'antar fim ta Kano ta kawo fuskokin da suka yi kama da namu. Amma jarumar fim daga nesa ake hango ta. Waya ce ta mai da kowace yarinya jarumar kanta. Instagram ya fito a 2010, TikTok ya game duniya daga 2018, kuma da su ne abu biyu suka canja. Na farko, koyarwa ta zama kyauta: abin da a da sai an zauna gaban yaya ko matar wa, yanzu bidiyon minti ɗaya ya wadatar. Na biyu, wanda ya fi nauyi, lokaci ya rushe. A da ana kwalliya don Sallah ko biki, a wanke da daddare. Hoto ba shi da ranar Sallah. Kullum akwai wanda zai gani, kuma filta ta riga ta nuna wa yarinya wata fuskarta mai santsi, mai haske, mai siririn hanci, wadda madubin ɗaki ba zai taɓa nuna mata ba. Daga nan kwalliya ta tashi daga ƙari a kan fuska ta koma ƙoƙarin kamo fuskar cikin waya.

Kamfanonin sun san haka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun binciken cikin gida da ke nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yammatan da aka tambaya sun ce idan ba sa jin daɗin surar jikinsu, Instagram ƙara musu damuwar yake yi. A ƙarshen 2024 TikTok ya sanar da taƙaita wasu filtocin gyaran fuska ga 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan taƙaitawa ba ta da wani tasiri a gidan da yarinya ke amfani da wayar uwarta ko ta yayarta.

Ba duka ne asara ba. Kwalliya ta zama sana'a, kuma sana'ar da ta dace da tsarin rayuwar matanmu: mace ke yi wa mace, a cikin gida, da jarin da bai fi ƙarfin adashe ba. Na san yarinyar da ta fara da ƙannenta tana aji biyar, yau da kuɗin ɗaurin kallabi da zanen lalle take biyan kuɗin makarantarta. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da canji. Haka kuma yarinyar da ƙurajen balaga suka cika wa fuska, ta daina ɗaga kai a aji, in 'yar hoda ta sa ta miƙe ta amsa tambaya, ban ga laifin hodar ba.

Sai dai akwai tambayar da iyaye ba su cika yi ba: wa ya saya? Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma kusan duk abin da ke cikin akwatin mai kwalliya daga waje ake shigo da shi. Yarinyar da ba ta da sana'a hanya biyu gare ta. Ko ta sayi na jabu a tire, wanda ba lambar hukuma ba ranar lalacewa, ko wani ya saya mata. Toshi tsohon abu ne, amma a da a gaban iyaye ake kawo shi, a san mai shi, a san gidansu. Kwalin fandeshan da gashin ido na kanti da ya shigo gida a jakar makaranta, ba a san hannun da ya bayar ba, ya fi kalar jan bakin cancantar a tsaya a kansa.

Malamai kuma ba su kafa shekara ba. Abin da ke cikin Suratun Nur magana ce kan wanda ya halatta a bayyana wa ado, hukuncin kuma yana hawa ne da balaga. Sauran bayanin nau'in abin yake bi: aske gira da ƙarin gashi an hana, jan farcen da ke tare ruwan alwala matsala ne, lalle da kwalli an yarda da su. Makarantu ne kaɗai suka yi doka mai kaifi, su ma ta wuri ce, ba kwalliya da kayan makaranta.

Yanzu ga inda nake ganin mun karkata hankali ga ƙaramin abu. Jan baki da hoda da jagira, sabulu da ruwa sun ishe su. Galibin ɓarnarsu toshe ƙofofin fata ne idan aka kwana da su, ko ciwon ido idan ƙawaye goma suka yi tarayya a burushi ɗaya. Man bilicin ba haka yake ba, kuma shi ne ake fara shafa wa yara tun kafin su san jan baki, sau da yawa da hannun uwa. Adadin da ake yawan ambatawa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, tsoho ne kuma akwai masu ja da shi, amma abin ya kai NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Abu uku ne galibi a cikin haɗin da ake sayarwa a robar da ba rubutu, ana kiransa "oganik": haidirokwinon, da zaiba mai lahani ga ƙoda da jijiyoyi, da sitiroyid, wanda asalinsa magani ne da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da gashin fuska, rauni ya ƙi warkewa. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafa shi a ƙasa mai rana irin tamu, baƙin tabo yake bari a kumatu, mai wuyar fita. Garin neman gira ake rasa ido. Kuma laifin bai tsaya kan yarinya ba, tunda a gabanta ake yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, a gabanta ake tambayar dangin ango ko amaryar fara ce.

Na gargajiyar ma ba duka ne lafiyayye ba, ko da yake faɗin haka ba ya yi wa tsofaffi daɗi. Tozalin dutse da ake niƙawa, mafi yawansa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu ta dalilin haƙar zinariya, ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan guba. Yawan da ke shiga jiki ta kwalli bai kai na can ba, amma jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Dayis da ake zana wa 'yan shekara biyar da Sallah shi ma rinin gashi ne, ba lalle ba, yana iya tayar da bororo ya bar zanen a fata bayan launin ya tafi.

Idan aka matsa mini sai na faɗi ra'ayi, zan bar wa 'yar sha uku kwalliyar biki mara nauyi, a gaban uwarta, da kayan da aka san inda aka sayo, ta wanke kafin ta kwanta. Fandeshan na kullum ba shi da amfani ga fatar da ba ta gama girma ba. Man haske kuwa ba shi da shekarar da ya dace.

Wata malamar makarantar 'yammata ta ba ni labarin yadda take tsayawa a bakin ƙofa da safe da jiƙaƙƙen tsumma, duk mai jan baki ta goge kafin ta shiga. Ta ce wannan ba ya ɗaukar ta minti goma. Waɗanda ke damun ta su ne masu dawowa daga dogon hutu fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Idan an ƙwace man a ɗakin kwana, cikin mako biyu fuskar sai ta yi zafi ta feso da ƙuraje, don fatar ta riga ta saba da sitiroyid. Ranar ziyara uwar ta zo ta ga 'yarta haka, ta ce ruwan makarantar ne bai karɓe ta ba, ta ciro sabuwar roba daga jaka.