Ciwon Kan da Ya Ƙi Jin Magani: Ƙari a Ƙwaƙwalwa



Wata 'yar uwata ta shekara guda tana fama da ciwon kai. Kullum sai a sayo mata Panadol a kemis. Da ganinta ya fara raguwa, aka canza mata tabarau. Da al'adarta ta ɗauke, wasu suka ce jifa aka yi mata. Sai da ido ɗaya ya kusa mutuwa aka yi mata hoton MRI, aka ga ƙari ne.

Ku sani, ba kowane ƙari ne kansa ba. A binciken asibitocin koyarwa na Najeriya, wanda ake yawan samu a manya shi ne meningioma. Yana tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya fi kama mata, kuma yawanci ba kansa ba ne. Akwai na pituitary, 'yar halittar da ke sarrafa sinadaran jiki. Tana daf da jijiyoyin gani, shi ya sa idan ƙarin ya girma yake cinye gani daga gefe. Yana iya tsayar da al'ada ko kawo ruwan nono ba tare da haihuwa ba. Irinsa ne ya kama 'yar uwata. Sai glioma, wanda wasu nau'o'insa kansa ne mai saurin girma.

To me ya sa har mara kansa yake da haɗari? Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Duk abin da ya girma a ciki, ƙwaƙwalwa yake matsewa.

Ga alamomin da ba a wasa da su: ciwon kai da ke ƙaruwa, musamman da asuba, tare da amai, raguwar gani, farfaɗiya da ta fara a girma, shanyewar ɓarin jiki a hankali, canjin hali.

Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan, kuma yau akwai likitocin wannan fanni a Sakkwato, Kano da Zariya. Babbar matsalarmu jinkiri ne, sannan kuɗin hoto ma yana da nauyi. Jijiyar gani kuwa idan ta mutu, ko an cire ƙarin ba lallai ta dawo ba.

Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne, kada hankali ya tashi. Amma idan ka ga waɗannan alamomi a jikin wani naka, ka kai shi asibiti, a yi addu'a a kuma ga likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Mu haɗu a shiri na gaba.