Hoton da ya mai da Baba bahago

Lokacin da kogunan Shari da Logon suka tumbatsa a 2022, ruwa ya kori mutanen unguwar Walia da yawa daga gidajensu. Cikin kayan da wani gida ya tsamo akwai akwatin ƙarfe, a ciki kuma wani hoto baƙi da fari: marigayi maigidan yana saurayi, ya ɗaga ƙafa zai zuba ƙwallo a raga. Ƙafar hagu ce. Nan gardama ta kaure, domin duk wanda ya gan shi a fili ya san da dama yake bugu. Wasu ma suka ce ba shi ba ne, ƙanensa ne.

Babban ɗansa ya kai hoton wajen wani tsohon mai ɗaukar hoto a unguwar. Tsohon bai fara da fuska ba, siffar takardar ya duba. Tsayinta da faɗinta ɗaya. Fim ɗin 35mm ba ya ba da haka, shi nasa milimita 24 ne a kan 36. Wannan aikin fim 120 ne, santimita 6 a kan 6, hoto 12 kacal a naɗi guda. Kuma an ɗauko ɗan wasan daga ƙasa-ƙasa, wato kyamarar tana daidai cibiyar mai ita, irin su Rolleiflex ko Yashica masu ido biyu, waɗanda ake leƙawa ta sama.

Ɗan ya yi farat ya ce, "Baba, ai na ji irin wannan tana juya hagu ta koma dama."

"A gilashin leƙe kawai, ɗana. Fim ba ruwansa."

Wannan juyi shi ne azabar masu ɗaukar wasa da ita a wancan zamani. Ɗan wasa ya yi dama, kai ka gan shi ya yi hagu, kafin ka gyara ƙwallo ta wuce. Shi ya sa gwanaye suke saita ido a wuri guda kusa da raga, su sa saurin ɗauka a ƙarshensa, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, su jira wasa ya zo musu. Mai Nikon F da injin jan fim yana iya ɗaukar har huɗu a daƙiƙa, ya zaɓa cikin 36. Mai 12 kuwa dole ya san ƙwallo kamar kocin kansa, kuma ni a wurina shi ne ya fi cancantar yabo.

To, kyamara ta fita daga zargi. Tsohon ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi bayan 'yan kallo. Can a jikin bango akwai allon talla da Faransanci, haruffan sun dushe, amma a birkice suke, daga dama zuwa hagu.

Ya tambaya ko nagatif na nan. Aka same shi a ambulan, ruwa ya ci gefe ɗaya. Nagatif fuska biyu gare shi, ɗaya mai sheƙi, ɗaya dishi-dishi inda sinadarin yake. Wajen wanki, mai dishin ce take kallon takarda. Wanda ya wanke hoton a ɗakin duhu ya kifa shi ne, komai ya juya. Da tsohon ya ɗaga shi a haske yadda ya kamata, sunan Kodak na gefen fim ya karantu daidai, allon talla ma haka. Tabon da uwargida ta sani a kuncin dama na mijinta ya koma mazauninsa, ƙafar da ke sama kuma ta dama ce.